Gargaɗi ga Jama'ar Kabi: Kada Garin Gyaran Gira a Rasa Ido

Iyayena mata, 'yan'uwana, 'ya'yana na Argungu da Birnin Kebbi, ku tsaya ku saurara. Maganar nan ba ta jiran gobe.

Akwai wata allura da ake tsira wa mutum a goshi, da tsakanin gira, da gefen ido, don ta kwantar da tamoji fuska ta yi sumul. Ana kiranta Botox. Ta daɗe a asibitocin masu kuɗi na Legas da Abuja. Yau tallarta ta shigo mana har ƙuryar ɗaki ta cikin waya. Ana nuna hoto biyu na mace ɗaya: a na farko goshi a tattare, a na biyu babu ko layi. A ƙarƙashin hoton ga lambar waya. Ana cewa minti 10 ne kawai. Ana cewa babu zafi. Ana cewa har gida za a zo a yi miki.

Kada ki kira lambar nan. Kada ki miƙa fuskarki. Kada ki biya wa 'yarki. Idan kuma an riga an yi miki, ki karanta wannan har ƙarshe yau ɗin nan, domin akwai alamomin da in sun bayyana, awa ɗaya ma tana da daraja.

Abu ɗaya nake so ki riƙe. Allurar nan guba ce da aka auna. Amincinta ya rataya a kan abu uku: magani na gaske, sanyin da bai taɓa yankewa ba, da hannun likitan da ya san aikinsa. In ɗaya ya kuɓuce, kin shiga haɗari. To ki tambayi kanki tsakaninki da Allah: a shagon gyaran jiki, ko a ɗakin amarya, wanne daga cikin ukun nan za ki samu?

Mene ne a cikin 'yar kwalbar?

Wata ƙwayar cuta ce mai suna Clostridium botulinum take fitar da gubar. Ƙwayar tana zaune cikin ƙasa da laka. Tana hayayyafa inda iska ba ta shiga, irin gwangwanin abinci da ya lalace, ko nama da kifin da aka adana ba daidai ba. A 1895, a wani ƙauye na Beljiyam mai suna Ellezelles, mutane suka ci wani ajiyayyen nama bayan jana'iza. Da yawa suka kwanta, uku suka mutu. A nan wani masani, Emile van Ermengem, ya gano ƙwayar. Har yau kimiyya ba ta san gubar da ta fi wannan ƙarfi ba. Masana sun ƙiyasta cewa giram ɗaya tak, in aka watsa shi, zai iya hallaka fiye da mutum miliyan ɗaya.

Yaya take aiki? Kowace tsoka a jikinki tana motsi ne saboda saƙon da jijiya ke kai mata. Gubar nan tana toshe bakin jijiyar. Saƙo ba ya isa. Tsoka ta saki, ta daina motsi. Sunan wannan shanyewa. Goshin da kika ga ya yi sumul, tsokarsa aka shanyar don kada ta tattara fata. Bayan wata 3 ko 4 jijiya ta farfaɗo, tamoji ya dawo, a sake biya, a sake tsirawa. Babu ranar gamawa.

Gaskiya ne likitoci suna amfani da ita, kuma ta taimaki marasa lafiya da yawa. Wani likitan ido a Amurka, Alan Scott, shi ya fara gwada ta a kan masu harara-garke. Hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don ciwon ido a 1989, sannan don tamojin tsakanin gira a 2002. Ana yi wa masu matsanancin ciwon kai, da yaran da gaɓoɓinsu suka sandare. Amma ki lura da yadda likitoci ke yi. Gubar da ke cikin kwalba ta gaske ba ta kai ɗaya cikin miliyan na giram ba. Ido ba ya iya auna ta. A tsakanin gira, awo 20 ake rabawa wuri 5, kowanne a cikin tsokar da aka sani. Awon wannan kamfani kuma ba ɗaya yake da na wancan ba. Duk da wannan taka-tsantsan, a 2009 hukumar ta tilasta wa kamfanoni su buga gargaɗi mafi tsanani a jikin takardar maganin: gubar tana iya barin inda aka tsira ta, ta bi jiki, ta hana haɗiya, ta hana numfashi, har ta kai ga mutuwa.

Wannan fa magani na gaske ne, a hannun likita. To ina ga na jabu? Ina ga hannun wadda ta koya a bidiyo?

Abin da ya sami waɗanda suka fi mu asibiti

Kada wani ya ce miki tsoratarwa ce kawai. An gani, an ƙirga, an rubuta.

A Nuwamban 2004, a jihar Florida ta Amurka, wani likita da aka riga aka dakatar da lasisinsa ya samo gubar da aka yi don ɗakin gwaji, wadda ba a yarda a sa wa mutum ba. Ya yi wa kansa, ya yi wa mutum uku. Su huɗun duk suka shanye. Na'ura ce ta riƙa yi musu numfashi tsawon makonni, wasu har watanni.

A 2017, a Masar, mutum 9 suka kwanta asibiti da wannan guba bayan an yi musu allura da magani na jabu.

A farkon 2023, a biranen Istanbul da Izmir na Turkiyya, aka riƙa tsira wa mutane gubar a tumbi wai don su rage ƙiba. Fiye da mutum 60 suka kamu. Wasu sai da suka koma gidajensu a Jamus sannan ciwon ya tashi.

A Afrilun 2024, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta sanar da mata 22 a jihohi 11 da suka shiga mawuyacin hali bayan wannan allura. Rabinsu sai da aka kwantar da su. A ina aka yi musu? A gidaje da shagunan gyaran jiki, ta hannun waɗanda ba su da lasisi, ko da maganin da ba na gaske ba.

A Ingila, tsakanin 4 ga Yuni da 14 ga Yulin 2025, hukumar lafiya ta ƙirga mutum 38 da gubar ta kama bayan allurar gyaran fuska. Mako shida kawai. Wasu sun kasa haɗiya, wasu harshe ya karye, wasu sai da aka taimaka musu da numfashi.

Ki sake duba sunayen ƙasashen nan. Suna da motar asibiti da ke zuwa ƙofar gida. Suna da makarin gubar a ajiye. Suna da na'urorin numfashi, da wutar da ba ta ɗaukewa. Abin da ya ceci yawancinsu ke nan. Mu fa? In abin ya faru da tsakar dare a wata unguwa ta Argungu, me zai cece ki? In ya faru a ƙauyen da ke tsallaken fadama da damina, wa zai kai ki?

Kuma kada ki ɗauka gubar baƙuwa ce a ƙasarmu. A Janairun 2018, cibiyar yaƙi da cututtuka ta Najeriya ta sanar tana binciken wasu 'yan gida ɗaya a Abuja da ake zargin ita ce ta kama su ta hanyar abinci. Biyu daga cikinsu suka rasu. A babban birnin tarayya ke nan, inda manyan asibitoci suke. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, sai ka shafa wa naka ruwa.

Alamun suna gabanmu

Hanyar da allurar nan za ta bi ta iso gidajenmu an riga an share ta. Mu da kanmu muka share.

Ku shiga kasuwa ku duba rumfunan kayan shafa. Man bilicin kala-kala, wani babu ma sunan kamfani a jikinsa. Abin ya yi yawa har a Fabrairun 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a faɗin ƙasa. Daga shafawa aka koma haɗiyar ƙwayar fari. Daga ƙwaya aka koma allura da ƙarin ruwa. Ga sha-ka-fashe da 'yan mata ke sha don su yi ƙiba kafin biki. Da can gyaran amarya dilka ne, da halawa, da lalle, da turaren wuta. Duk a saman fata suke tsayawa. Yanzu an fara huda fata. Wadda ta yarda da allurar fari yau, me zai hana ta yarda da allurar goshi gobe?

Ku duba kuma yadda muke son allura. Zazzaɓi kaɗan, a tafi kemis a ce a yi allura. Ba a tambayar sunanta. Ba a tambayar wa ya koya wa mai yin. Mun saba miƙa jiki ga duk mai riƙe da sirinji. Wannan sabon shi zai cuce mu.

Sai maganar jabu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a 2017 cewa a ƙasashe irin namu, magani ɗaya cikin 10 na jabu ne ko mara inganci. Mun san zafin wannan. A 2008 da farkon 2009, maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya kashe yara 84 a Najeriya. A 1995, a Nijar maƙwabciyarmu, an yi wa dubban mutane allurar sanƙarau ta jabu lokacin annoba. Wanda ya iya yin jabun maganin jariri, zai ji kunyar yin jabun allurar kwalliya? Jiharmu tana da iyaka da ƙasa biyu, Nijar da Benin. Kaya na shiga suna fita ta Kamba, da Dole Kaina, da Lolo. Motocin haya na kawo saƙo daga Legas da Kano kullum. 'Yar kwalbar da ba ta kai babban yatsa ba, wa zai tare ta? Wa zai buɗe jakar hannu ya gan ta?

Kwalin jabu yana kama da na gaske. Rubutu iri ɗaya, launi iri ɗaya. Abin da ke ciki ne ba wanda ya sani, har mai sayarwar. Wata kwalbar babu komai a ciki. Wata kuma gubar da ke cikinta ta ninka abin da aka rubuta. Ba za ki gane wacce ta faɗo kanki ba sai bayan ta shiga jiki. In ta shiga kuwa, ba a zuƙo ta. Magani na gaske yana da tsada. In an yi miki tayi da arha, arhar ita ce alama ta farko. Araha ba ta ado.

Kuɗi ma ba ya sayen tabbas a harkar gyaran jiki. A Oktoban 2005, uwargidan shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, ta rasu a Sifen bayan tiyatar gyaran jiki. A 2020 hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta rufe wani asibitin gyaran jiki a Legas bayan koke-koken jama'a. Waɗannan tiyata ce, amma darasin ya shafe mu. Lafiyayyen mutum ne ke shiga da ƙafarsa.

Zafinmu, wutarmu, da hannun mai allura

Mu ɗauka ma kwalbar ta gaske ce. Har yanzu ba ki tsira ba.

Botox a firij ake ajiye shi, tsakanin digiri 2 da 8, tun daga kamfani har ranar amfani. Ke kin san zafin Argungu a watan Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40. Kin san yadda wuta ke zuwa tana ɗaukewa. Kwalbar da ta kwana a tasha, ta yini a bayan mota, wa ya tsare mata sanyi? Maganin da zafi ya taɓa yana iya rasa ƙarfi. Mai allura ta ga bai yi aiki ba, sai ta ƙara yawa. Ta saba da ƙarawa. Ranar da ta sami kwalba mai cikakken ƙarfi, ko mai ƙarfin da ya wuce misali, a fuskar wa za ta ƙara?

Maganin gari ne busasshe. Da ruwan gishiri na asibiti ake dama shi. In an dama, cikin awa 24 ake amfani da shi, kuma kwalba ɗaya ta mutum ɗaya ce. Amma mai neman riba za ta raba kwalba ɗaya ga amarya, da ƙawayenta, da uwar amarya. Tsinken allura fa, sabo ne? Binciken da aka yi a faɗin Najeriya a 2018 ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Da yawa ba su sani ba. A jihar New Mexico ta Amurka, mata uku sun kamu da ƙwayar cutar ƙanjamau a wani shagon gyaran fuska mara lasisi da aka rufe a 2018. Tsinke ɗaya ya isa.

Sai hannu. Tsokokin fuska ƙanana ne, kuma a jere suke kusa da juna. In allura ta kauce kaɗan, fatar ido ta faɗo ta rufe ido. Ko gira ɗaya ta ɗaga, ɗaya ta sauka. Ko baki ya karkace, miyau na zuba. Babu maganin da zai mayar da shi nan take. Sai an jira makonni. Ki yi tunanin amaryar da aka yi wa saura kwana 7 ɗaurin aure.

Akwai kuma tambayoyin da likita ke yi kafin ya taɓa ki. Kina da ciki? Kina shayarwa? Kina da ciwon da ke raunana tsoka? Akwai ƙurji a wurin? Wane magani kike sha? Allurar Gentamicin, wadda ake yi barkatai a kemis, tana ƙara wa wannan guba ƙarfi. Mai gyaran jiki ta san haka? Za ta tambaye ki?

Ki kuma kiyayi wata allurar daban, ta cika kumatu da leɓe. Ita ba guba ba ce, wani abu ne mai kauri da ake ɗurawa a ƙarƙashin fata. In ya shiga jijiyar jini, yana iya toshe ta. Fata ta ruɓe. In jijiyar ido ya toshe, makanta ce, kuma sau da yawa ba a dawowa daga ita.

In an riga an yi miki, ga alamomin

Ki karanta wannan sau biyu. Ki karanta wa wadda ba ta karatu.

Alamomin na iya fitowa bayan 'yan awoyi. Suna iya jinkiri har kwanaki, har mako 4. Daga sama suke farawa su gangaro ƙasa. Fatar ido ta yi nauyi ta faɗo. Gani ya dushe, ko ki riƙa ganin abu bibbiyu. Baki ya bushe. Murya ta shaƙe. Harshe ya yi nauyi, magana ta daina fita daidai. Haɗiya ta yi wuya, ruwa ya riƙa sarƙe ki. Wuya ya kasa riƙe kai. Hannuwa su mutu. Daga nan sai ƙirji. In tsokar numfashi ta shanye, numfashi ya tsaya.

Yawanci babu zazzaɓi. Hankali kuma yana nan daram. Mai ciwon tana ji, tana gane kowa, amma ba ta iya faɗin abin da ke damunta. Wannan shi ke ruɗa mutane. Wani ya ce iska ce. Wata ta ce sammu ne, an jefe ta saboda biki. Wani ya ce kambun baka ne. A rufe ɗaki, a kawo hayaƙi, a ce a bari zuwa safe. Kafin safiya kuwa gubar ta sauko ƙirji.

Kada ku jira safiya. Kada ku jira maigida ya dawo daga tafiya. Kada ku jira a gama biki.

Ga dalili. Akwai makarin wannan guba, amma aikinsa ɗaya ne: yana kama gubar da ke yawo cikin jini kafin ta shiga jijiya. Wadda ta riga ta shiga, ba ya fitar da ita. Abin da ya shanye sai jijiya ta farfaɗo da kanta, makonni ko watanni. Saboda haka kowace awa da aka ɓata, wata tsoka ce aka sallama. Makarin kuma ba a kemis yake ba. Sai an nemo shi, neman kuma yana cin lokaci. Na'urar numfashi ba kowane asibiti ke da ita ba. Daga Argungu zuwa Birnin Kebbi kusan kilomita 50 ne. Zuwa Sakkwato kusan 100. Wadda numfashinta ya fara sarƙewa, tafiyar nan ta yi mata nisa. A kama hanya tun tana iya magana.

Ga abin yi. Ku tafi asibiti mafi kusa nan take. In a Argungu kuke, Babban Asibitin Argungu. Ku nemi a tura ku gaba da wuri in da buƙata: Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Asibitin Tunawa da Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Ku zaunar da ita a jingine cikin mota, kada ta kwanta rigingine. Kada ku ɗura mata komai a baki in haɗiya ta yi wuya. Ko ruwa, ko kunu, ko rubutu, ko jiƙo. Zai bi hanyar huhu ya ƙara mata wani ciwon. Ku yi addu'a, amma ku yi ta a kan hanya. Ku tafi da kwalbar, ko kwalinta, ko hotonta. Ku nemo duk waɗanda aka yi wa allura tare da ita, ko da ba su ji komai ba tukuna.

Sannan ki faɗa wa likita gaskiya. Ki ce an yi mini allurar fuska, ran kaza, a wuri kaza. Na san nauyin maganar. Wataƙila maigida bai sani ba. Wataƙila Inna ba ta sani ba. Amma ciwon nan yana kama da wasu cututtuka, kuma likita zai ɓata lokaci yana neman shanyewar ɓarin jiki in kin yi shiru. Faɗan maigida zai wuce. Kunya za ta wuce. Ki faɗa. In ba ki iya magana ba, ƙawar da ta raka ki ta faɗa. Ƙawar da ta yi shiru a irin wannan lokaci ta ɗauki alhaki.

Kira ga kowa da kowa

Uwar amarya, Gwaggo, Hajiya: ku ne kuke biyan kuɗin gyaran jiki. Ku tambayi abin da za a yi wa 'yarku, ɗaya bayan ɗaya. Duk inda aka ambaci allura, ku tashi da ita. Kada ku bar ta ita kaɗai da mai gyara a bayan labule.

Maza, ku ma da laifinku. Kai da kake yi wa matarka gorin tsufa, kake nuna mata fuskokin da ke cikin waya, ka san inda kake tura ta? Fuskokin nan ma yawancinsu na'ura ce ta goge su. Layin da ke goshin uwar 'ya'yanka, a gidanka ta same shi, tana ɗawainiya da kai da su. Ka kyautata mata magana. Ka tambaye ta lafiyarta.

Masu gyaran jiki, sana'arku tana da daraja, kuma iyayenmu sun yi ta da mutunci. Ku tsaya a dilka da lalle. Takardar horon kwana biyu ba ta mayar da mutum likita. In rai ya salwanta a hannunki, za ki amsa a gaban hukuma, za ki amsa a gaban Allah.

Masu kemis, kada ku ajiye ta. Kada ku yi wa kowa odarta.

Malamanmu, ku yi magana a kan mumbari da makarantun Islamiyya. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 2007 a Maleshiya, ta bambanta gyara don magani da gyara don ƙawa kawai. Ba ta halatta kawar da tamoji ta tiyata ko allura ba, sai in cuta ce ta jawo shi, kuma an amince babu cutarwa. Mata da yawa ba su ji wannan ba. Ku isar musu.

Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kebbi, da ofishin NAFDAC, da ƙungiyar likitoci: ku shiga shagunan gyaran jiki ku duba tun yanzu. Ku sanar da likitocin ƙananan asibitoci alamomin gubar. Ku tsara hanyar samun makarinta kafin ranar buƙata. Ingila ta haramta wannan allura don kwalliya ga duk wanda bai kai shekara 18 ba tun Oktoban 2021. Me muke jira?

Sarakuna, hakimai da masu unguwanni, kun san wahalar da aka sha a kan shan-inna. Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Sama'ila Muhammad Mera, ya yi shekaru a sahun gaba na sarakunan Arewa wajen rigakafi, har aka tabbatar a 2020 cewa Najeriya ta rabu da asalin ƙwayar cutar. Kada kowa ya haɗa allurar rigakafi da wannan. Ta rigakafi kariya ce, a ci gaba da kai yara. Mun yi shekaru muna bi gida-gida don kada ƙafar yaro ta shanye. Yanzu kuma mu biya kuɗi da hannunmu a shanyar da fuskar 'ya'yanmu? Ku sa a yi shela.

Ke kuma da har yanzu zuciyarki ke raya miki ki yi, ki saurari wannan. In akwai larura ta gaske, ki je asibiti, wurin likitan da ke da rajista da hukumar likitoci ta ƙasa. Ki ce ya nuna miki kwalbar a rufe. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Ki ga an ciro ta daga firij, an fasa sabon sirinji a gabanki. Ki tambaye shi: in haɗiya ta gagare ni cikin dare, wa zan kira, kuma ina za a kai ni? In ya yi kame-kame, ki ɗauki mayafinki ki fita.

Yau, kafin ki kwanta, ki kira 'yarki. Ki kira ƙanwarki da ke makaranta a Birnin Kebbi. Ki kira amaryar da bikinta ya matso. Ki tambaye su kai tsaye: an yi muku wata allura a fuska? Akwai wadda ta yi muku tayi? In sun ce a'a, ki gargaɗe su. In sun ce e, ki duba idonsu, ki saurari muryarsu, ki tambaye su yadda haɗiya take. In kin ga ko alama ɗaya, ku kama hanyar asibiti a daren nan.

Allah Ya tsare mu, Ya tsare zuriyarmu. Ku isar da wannan ga na kusa da na nesa, yanzu.